Dutsen da Ya Gaji da Goyonmu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman yara da 'ya'yana duka. Yaya aiki, yaya fama da zafin birninku? Mu nan lafiya ƙalau, sai dai ruwan sama da ya ƙi ba mu hutu. Baba yana gaishe ka. Maigidana Kafinta ma ya ce in gaishe ka, in kuma tuna maka har yanzu yana jiran agogon da ka yi masa alkawari tun kana saurayi.

Saƙonka ya iso. Ka ce an ba babbar 'yarka aiki a makaranta, kowa ya rubuto labarin garinsu na asali, ta tambaye ka, ka tsaya kana sosa ƙeya. Ni na ji maka kunya. Ɗan mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zagayawa da baƙi a kan dutsen nan, a ce bai san abin da zai gaya wa 'yarsa ba! A waya ba zai yiwu ba, ka san sabis ɗinmu, sai na hau bayan makaranta na ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota. Shi ya sa na ɗauko biro na zauna kusa da Baba, yana faɗa ina rubutawa, ina rage masa tsawo. Direba, mai motar hayar tasharmu, zai tafi da takardar ya jefa maka a gidan waya.

Ka gaya mata garin kakanninta a rataye yake jikin dutse, hawa-hawa. Can ƙoli akwai tsohon gari, wanda yanzu kufai ne, sai birai da ciyawa. A tsakiya mu ne, da masallaci da makaranta da maƙabarta. A gindi kuma tasha ce da 'yar kasuwa, inda titi ya zo ya ƙare. Mota ba ta wuce nan. Sauran tafiyar duk matakalar dutse ce, kuma duk abin da ke cikin gidajenmu, daga gado har buhun siminti, a ka aka hau da shi.

Ba sha'awa ce ta kai kakanninmu can sama ba, tsoro ne. Mahara suka matsa musu a fili, suka kwashi 'ya'yansu da awakinsu suka haye. Suka jera ganuwa da dutse zalla, babu laka, kuma har yau tana tsaye. Ƙofarta ɗaya ce, matsattsa, mai ƙiba sai ya karkace. Yadda na gan ka a hoton nan da ka aiko, ba na jin za ta yarda ka wuce. Da duniya ta lafa, jikokinsu suka gangaro tsakiya suka zauna kusa da marmaro, suka daddatse gangaren da duwatsu suka yi gonaki. Bayan su sai masu haƙar ma'adinai suka zo, suka rarake cikin dutsen, suka shimfiɗa ɗan layin dogo, suka kwashe abin da za su kwasa suka tafi. Suka bar mana ramuka da tsatsar ƙarfe, da gidan manajansu mai baranda, wanda Baba ya gyara ya mayar masaukin baƙi, inda aka haife ni aka haife ka.

Abin da ke kawo mana baƙi kuwa, ta fara rubuta sanyi, don akwai waɗanda ke zuwa kawai su kwana da bargo su koma. Sai magangara, inda ruwan marmaro ke haɗuwa da na ƙorama ya faɗo daga sama fari fat, ƙararsa ce take sa mu barci tun muna jarirai. Sai kogon jemagu, wanda ka taɓa shiga da cika baki ka fito a guje babu takalmi ɗaya. Wannan ma ka gaya mata. Sai gajimare da ke saukowa da safe ya shigo har tsakar gida, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. In ya yaye, daga barandarmu ana hango fili har inda ido ya gaji, da kogi kwance a cikinsa kamar zare.

Baba ya ce in ƙara da cewa babu wanda ya taɓa shan ruwan marmaro bai dawo ba. Na ce masa ai ga Auta can, ya sha har cikinsa ya kumbura, shekara nawa ke nan? Ya yi dariya. Idanunsa sun tafi gaba ɗaya yanzu, ko hasken fitila ba ya bambancewa, amma kunne kam ko allura ta faɗi sai ya tambaya. Baƙi kuma sun ja baya ƙwarai, bana ɗakunan a rufe suke cin damina.

Wani abin dariya kafin in rufe. Ƙofar kicin ta daina rufuwa. Kafinta ya sassaƙe ta ya sake sassaƙewa, in an kwana biyu sai ta koma cijewa, ina ta yi masa tsiya cewa hannunsa ya tsufa. Goggo Mai Keke, ƙanwar Baba mai ɗinki, ita ma ta ce in ƙwarƙwaron zarenta ya faɗi, sai ya mirgina da kansa ya nufi kusurwa ɗaya kamar ana kiransa. Ta ce ɗakinta ya fara koyon tafiya.

Ka gaishe da maman yara, ka shafa mini kan ƙananan.

Taka har kullum,
Yayarka

*

Ƙanena Auta,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka, ina fata kowa lafiya. Ina kuma fata 'yata ta ci makin da ya dace da gumin kakanta. Mu jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba lafiya ba.

Tsiyar da na yi wa Kafinta, ashe ba hannunsa ba ne. Gidan ne yake karkacewa. Tsaga ta fito a bangon kicin, da farko siririya kamar gashi, yanzu ina zura hannuna ciki har wuyan hannu. Ta ratsa tsakar gida, ta bi ta ƙarƙashin katanga ta shiga gidan Goggo, ta fita ta bayan makaranta. Abin da ya fi tayar mini da hankali marmaro ne. Ruwan da muke ganin fuskarmu a ciki ya koma ja kamar an dama laka. Wata rana ya ɗauke ɗif, wata rana ya ɓullo ta inda bai taɓa fitowa ba, har ta ƙarƙashin gadon wata maƙwabciyarmu. Itatuwan bayan maƙabarta duk sun sunkuya.

Hukuma ta turo wata injiniya, yarinya ce ko kai ba ta kai ba, da takalmin roba da na'urori. A masaukinmu ta sauka, ita kaɗai ce baƙuwarmu ta bana. Tana da ladabi, kullum sai ta zauna ta saurari Baba kafin ta fita. Ranar da za ta tafi aka tara mu a filin makaranta ta yi mana bayani. Ta ce ramukan masu ma'adinai sun cika da ruwa, katakon da suka tokare su da shi ya ruɓe, itatuwan da ke riƙe ƙasa kuma mun sare mun yi girki. Ta ce tsakiyar garin gaba ɗaya a kan laka mai santsi take zaune, kuma ta riga ta fara tafiya. Wani dattijo ya tambaye ta yaushe. Ta ce ba ta sani ba, yana iya zama baɗi, yana iya zama kafin ta rufe bakinta. Auta, ranar kowa ya koma gida yana duban bangonsa.

Washegari aka bi gida-gida da jan fenti ana yi wa bango alama. Namu sun shafa shi daidai ƙarƙashin allon da Baba ya rubuta marhabin da baƙi. An ce an yanka mana fili can ƙasa, hayin kogi, an kafa tantuna, kowa ya sauka kafin ruwa ya ƙara ƙarfi.

Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce dutsen da ya ɓoye kakanninsa daga mahara ba zai ci jikokinsu ba. Ya ce a can ƙasa ne zai zama makaho, a nan kuwa ƙafarsa ta san kowace matakala, ba ya neman ɗan jagora. Ya ce kuma in ya tafi, wa zai bar wa Innarmu, da take kwance a maƙabarta ita kaɗai? Goggo da farko ta tsorata har ta fara ƙulle kaya, amma da ta ji yayanta sai ta kwance. Yanzu kullum suna zaune a baranda su biyu, suna shan shayi suna yi wa masu sauka dariya, suna kiran su matsorata.

Kafinta yana so mu tafi tun jiya. Ya ce a ɗauki Baba ko yana kuka, gara ya yi fushi da mu yana raye. Na ce ubana ba buhu ba ne. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba tun aurenmu, kuma abin haushin shi ne na san gaskiyarsa. Ko wanka na shiga, kunnena yana wajen bango.

Ka zo, Auta. In ba za ka iya ba, ka kira shi. Zan riƙe shi mu hau bayan makaranta. Kai ne auta, maganarka tana shiga inda tawa ba ta shiga.

Ka sa mu a addu'a. A gaishe da yara.

Yayarka

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan kai da mutanen gidanka kuna lafiya. Daga asibitin hayin kogi nake rubuto maka, takardar a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Na gode da kiran da ka yi. Na ji ka ce an hana ka hutu, ban kuma zarge ka ba, kowa da abin da ke ɗaure shi. Baba yana ta amsa maka da to, to, na ji. Da muka kashe wayar sai ya ce Autansa ya zama baƙo, yana magana kamar injiniya.

Da ka ga garin nan kafin mu baro shi, da ba ka gane shi ba. Mutane suna ɓalle kwanon rufi, suna cire ƙofofi da tagogi, suna saukowa da su a ka ta matakalar da iyayensu suka hau da su. Gidaje sun zauna baki buɗe, ruwa yana zuba cikin ɗakunan da aka haifi mutane. Kafinta da hannunsa ya riƙa cire ƙofofin da shi ya kafa. An rufe makaranta. A masallaci sahu ɗaya ba ya cika. Birai sun gane an ragu, suka sauko daga tsohon gari suna yawo a tsakar gidaje kamar masu duba gado, har ɗaya ya zauna a kan teburin Mai Shago yana ɓare masara.

Abin da maganarmu ta kasa yi, dutsen ya yi da kansa. Ka san kowace safiya Baba yakan ɗauki sandarsa ya je wajen Inna ya yi mata addu'a, kuma ba ya yarda a raka shi. Ranar ma haka ya fita. Ashe matakalar da ke kusa da kwanar makaranta ta nutse, ta sauka kamar taƙi guda daga inda take. Ya sa ƙafa inda ya saba sawa tun yana yaro, bai samu komai ba. Ina wanke-wanke na ji ihun Goggo.

Ƙashin ƙugunsa ya karye. Babu abin ɗaukar mara lafiya, sai Kafinta ya ciro ƙofar kicin ɗin nan da ta ƙi rufuwa, muka shimfiɗa bargo muka ɗora shi, maza suka kama. Duk tsawon gangaren bai yi kukan ciwo ba. Abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai matakalar ba nan take ba, wani ya ɗauke ta. A tasha Direba ya kwantar da kujerun motarsa muka shigar da shi.

Ka ga yadda muka sauko ke nan, babu sallama da kowa, ko gidan ban kulle ba. An yi masa aiki, likita ya ce zai zauna amma tafiya sai abin da Allah ya yi. Kafinta ya koma ya kwaso mana abin da ya samu, an ba mu tanti. Goggo ma ta biyo yayanta, ita take kwana da shi ni ina yini. Damuwarta ɗaya kekenta na ɗinki da ta bari a ɗaki. Ta ce shi ya ci da ita ya tufatar da ita tun rasuwar mijinta, ba za ta bar wa birai su koyi sana'a da shi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da ƙashin Baba ya karye na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Ka ga inda rayuwa ta kai ni, ina godiya don ubana ya faɗi.

Ka gaishe da maman yara, ka ce na ga saƙonta na magani, Allah ya saka.

Yayarka

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Ina fata kuna lafiya. Na san ka ji a rediyo, na kuma ga kiranka da yawa, ban iya ɗauka ba. Bakina ba zai iya faɗa ba, bari in gwada da hannu.

Ranar babu ko ɗigon ruwa. Bayan kwanaki ana tafkawa, gari ya waye tas, rana ta fito, dutsen ya yi kore shar kamar an wanke shi. Kowa ya fito da kayansa yana shanya. Goggo ta dawo daga asibiti ta ce yau kam za ta je ta ɗauko kan kekenta. Na ce ta jira Kafinta ya dawo daga aiki su tafi tare, ko ya je shi kaɗai. Ta ce Kafinta bai san inda ake kwance shi ba, zai ɓata mata. Na riƙe mata mayafi, ta fizge tana dariya, ta ce in ɗora abinci da ita, kafin ya nuna ta dawo. Ba ita kaɗai ba ce. Mai Shago ma ya hau ɗauko ragowar kayansa, da wasu manoma da suka je karyo masara.

Ina shanya zanin gado na ji ƙarar. Da farko kamar motocin tifa da yawa suna juye tsakuwa lokaci ɗaya, sai ta koma tsawa wadda ba ta yankewa. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata, alhali kogi yana tsakaninmu. Na ɗaga kai. Auta, na ga tsakiyar dutsen ta yage daga samansa tana saukowa, da gonakin da itatuwan da komai. Na ga hasumiyar masallaci tana tafiya a tsaye, kamar mutum a cikin taro, sannan ta kwanta. Gidanmu ban ga lokacin da ya tafi ba. Jar ƙura ta tashi ta rufe komai, tsuntsaye suka cika sama. Da ta lafa, babu kowa a cikinmu da ya yi kuka tukuna. Muka tsaya kawai, kowa da abin da ke hannunsa.

Laka ta sauko har tasha, ta binne kasuwa. An kawo katafila, maza suka shiga da shebur da hannu. An samu Mai Shago, an samu biyu daga manoman. Goggo ba a same ta ba. Da aka yi kwanaki injiniya ta ce a tsaya, sauran ƙasar tana motsi, kada a ƙara wasu a kan waɗanda suka tafi. Kafinta sai da aka janye shi da ƙarfi, faratansa duk sun ɓalle.

Maƙabarta ma ta tafi. Inna tana cikin wannan jar ƙasar, da kakanninmu, da ɗana na fari, ba wanda ya san ko sama suke ko ƙasa. Marmaro babu. Magangara ta toshe, ruwan yana tsiyaya ta gefe baƙi-baƙi, ba shi da murya. Kogon jemagu ya rufe da jemagunsa. Abin da ya rage kawai ganuwar tsohon gari, tana can ƙoli a tsaye, ƙarƙashinta wawakeken rami, ba kuma hanyar da za a kai gare ta.

Baba daga gadon asibiti ya ji ƙarar, ya kuma san mece ce. Da na shiga da yamma bai tambaye ni gida ba, bai tambaye ni gari ba. Ya ce ina ƙanwarsa, yau ba ta kawo masa shayi ba. Na durƙusa na riƙe hannunsa na gaya masa. Can ya kira ni da sunan da ya saba kirana ya ce, Uwata, ƙanwata da tsoronta ta zo wurina, ni na raba ta da shi. Ya juya fuska bango.

Abincin da na ɗora da ita yana nan a tukunya har washegari, na kasa ci na kasa zubarwa.

Allah ya jiƙan Goggo, ya jiƙan waɗanda suka tafi tare da ita. Ina yi maka ta'aziyya, kai ma ka yi mini.

Yayarka

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da maman yara da 'ya'yana. Yaya jikin ƙaramin, ina fata tarin ya sake shi. Ka yafe mini shirun da na yi, ba fushi ba ne, abin rubutawa ne ba shi da daɗi.

Damina ta wuce, an fitar da mu daga tantuna an ba mu ɗakunan bulo. A jere suke layi-layi, duk iri ɗaya, har yau in na dawo daga ɗiban ruwa sai na duba labule kafin in gane namu. Ƙuri'a aka yi wajen rabo, don haka maƙwabtan da muka tashi tare sun watse, wanda kuke raba gishiri da shi yanzu sai ka yi tafiya kafin ka gan shi. Zafi kamar a tanda, sauro kamar an aiko su. Ruwa tanka ke kawowa, Baba ya ce ƙarfe yake ji a ciki. Samari suna ta tafiya birni. Har yanzu ba a san sunan da za a kira wurin ba, wasu suna kiran shi da sunan garinmu, tsofaffi suna tsawatarwa.

Ga abin da zai ba ka mamaki. Baƙin da Baba ya yi shekaru yana jira sun zo. Ba mu taɓa ganin irinsu ba, ko zamanin da masauki yake cika. Duk ƙarshen mako motoci a jere har gada. An ɗaura igiya a inda laka ta tsaya, suna tsayawa a bayanta suna ɗaukar hoto, wasu suna murmushi, wasu suna ɗaga yatsu. An kafa rumfunan lemo da biskit. Kafinta yana yi musu benci. Direba ya ce bai taɓa samun aiki kamar bana ba, ya faɗa yana share hawaye.

Na so in ɓoye wa Baba, amma ka san kunnensa. Daga kan keken guragun da asibiti suka ba shi yake jin wucewar motoci, ya tsare Direba da tambaya har ya gaya masa. Tun rasuwar Goggo bai nemi komai ba, sai ranar. Ya ce in ɗauko masa hularsa da kwat ɗinsa na zagayawa da baƙi da sandarsa. Ya ce ba a taɓa yin baƙi a garinsa ba tare da an tarbe su ba. Na ce Baba babu abin nunawa. Ya ce shi ya san abin da zai nuna. Na ƙi, ya ƙi cin abinci. Na haƙura.

Direba ya kai mu har bakin igiya, na tura shi gaba. Da mutane suka ji an ce ga tsohon mai zagayawa da baƙi, suka kewaye shi. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Auta, muryarsa ta dawo, irin wadda muke ji daga baranda tun muna yara. Ya ba su labarin mahara, da yadda aka hau da jarirai a baya da awaki a kafaɗa. Ya ba su labarin ganuwa da ƙofarta, har ya yi musu barkwancin mai ƙiba suka yi dariya. Masu lemo ma suka matso. Ni kaina na manta inda muke.

Sai ya ɗaga sanda ya nuna, daidai inda ya kamata, ko kaɗan bai kauce ba. Ya ce in kun hau matakalar nan, a hannunku na hagu za ku ji ƙarar ruwa, wannan shi ne marmaro, kowa zai sha. Duk suka juya suka bi sandar da ido. Babu komai a wurin sai busasshiyar jar ƙasa da wani guntun kwano da ya leƙo. Shi ma ya karkata kai yana saurare, yana jiran ƙarar ruwan.

Wani saurayi ya tambaye shi mutum nawa suka mutu. Wata ta durƙusa kusa da shi ta ɗauki hoto. Wani kuma, da kyakkyawar niyya na sani, ya ajiye masa kuɗi a cinya kamar yadda ake yi wa mabaraci. Baba ya shafa ya ji mene ne. Ya sauke sandar a hankali, ya cire hular ya riƙe a hannu. Ya ce, Uwata, kai ni gida.

Na kama hannun keken na tsaya. Wallahi Auta ban san ta ina zan juya shi ba. Ina nan tsaye a cikin mutane har sai da Direba ya zo ya karɓa daga hannuna.

Tun ranar bai ƙara magana mai tsawo ba. In na ba shi abinci yakan karɓi loma biyu don kada in ji haushi. Jiya ya kira sunanka yana tsammanin kai ne ka shigo, ashe Kafinta ne. Likita ya ce ba ya ganin wata cuta da zai ba shi magani.

Ba zan sake roƙonka ba bayan wannan. In kana son ka same shi, ka taho cikin watan nan, ko da za su kore ka daga aikin. In ka sauka a gada kada ka tambayi gidanmu, ba wanda zai gane. Ka tambayi layin da ake aikin katako, za ka ji ƙarar zarto.

Ka gaishe da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Yayarka